Marigayiya Dokta Ladi Kwali, Maginiyar Da Ta Zana Dabbobi A Jikin Tulu

Cikin shekarar 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba wata baiwar Allah digirin girmamawa na Dokta. Wannan mace ba ta taɓa zama a aji a makarantar boko ba, ba ta rubuta littafi ba, ba ta kuma taɓa riƙe wani muƙami na mulki ba. Sana'arta ita ce ginin tukwane, watau sana'ar nan da ma'aikata da 'yan makaranta da yawa suke ɗauka ta mutanen karkara ce, wadda ba ta bukatar wani ilmi. Sunanta Hadiza Ladi Kwali. Duk wanda ya juya bayan takardar Naira 20 zai ga hotonta tana bakin aiki. Amma kaɗan ne daga cikin masu kashe wannan kuɗi suka san abin da ta yi har ta kai wannan matsayi, ko kuwa abin da ke zane a jikin tulunan da suka kai sunanta Ingila da Amurka, watau kada da ƙadangare da hawainiya da kunama da maciji da kifi da tsuntsaye.

HAIHUWARTA DA KOYON SANA'A

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar mutanen da Hausawa ke kira Gwari, su kuwa suke kiran kansu Gbagyi ko Gbari. A yau Kwali tana cikin yankin Birnin Tarayya, a kan hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Lakwaja. A lokacin haihuwarta kuwa ƙauye ce cikin ƙasar Sarkin Abuja. Sunan nan Ladi na Hausa ne, shi ake sa wa yarinyar da aka haifa ran Lahadi, kamar yadda ake cewa Talatu da Laraba da Lami da Jummai da Asabe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin daɗaɗɗiyar cuɗanya da ke tsakanin Gwari da Hausawa.

A ƙasar Gwari ginin tukwane aikin mata ne, yarinya takan tashi ta tarar ana yi a gidansu. Ladi ta koya tun tana ƙarama a hannun wata daga cikin iyayenta mata na dangi. Maginiyar Gwari ba ta amfani da wata na'ura. Takan ɗora curin yumɓu bisa wani abu tsayayye, ta rarake tsakiyarsa da hannu, sa'an nan ta riƙa jan yumɓun sama tana kewaya shi, tulun yana tsaye wuri guda, ita ce mai juyawa. In ya ɗan tasa sai ta murza yumɓu kamar igiya ta riƙa ɗorawa zobe bisa zobe tana lailayewa, har ciki ya buɗe, kafaɗa ta rufe, wuya ya tashi. Kayan aikinta ba su wuce katantanwa ko ɓawon 'ya'yan itace na kankare ciki ba, da jiƙaƙƙen tsumma na gyara baki, da ɗan guntun murɗaɗɗiyar igiya ko ɗan ice mai tsaga-tsaga da ake gangarawa a jikin tulu don ya bar sawu, da kuma wani siririn ice mai kaifi na zane. In tukwane sun bushe sai a jera su a fili, a lulluɓe su da ƙirare da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Da an kwashe su da zafinsu akan yayyafa musu ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, wanda ke ƙara musu ƙarfi da duhun launi.

Mata dubbai ne suka san wannan aiki, amma hannu ya fi hannu. Tun tana budurwa aka lura tulun Ladi yakan fito daidai ta kowane gefe, kamar an auna shi da ma'auni, ga zanensa tsaf ba karkata. Danginta sun ba da labari cewa sau da yawa akan saye kayanta tun ba a kai su kasuwa ba.

DABBOBIN JIKIN TULU

Ga yadda take tsara zanenta. Takan raba cikin tulun gida-gida da layuka, waɗansu a tsaye waɗansu a kwance, ta cika tsakaninsu da sawun igiya da ƙananan tsage. Cikin kowane gida sai ta zana dabba guda, yawanci kamar mutum yana kallonta daga sama, ƙafafu a buɗe, wutsiya a miƙe ko a lanƙwashe, jikin kuma cike da layuka masu gilma juna. Ba ta yin zanen gwaji tukuna, kai tsaye take tsagawa a ɗanyen yumɓu, kuma abin da aka tsaga ya tsagu ke nan.

Sa siffar dabba a jikin yumɓu tsohuwar al'ada ce ƙwarai a wannan yanki namu. Cikin 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. Cikin 1943 kuma aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan da aka samu a Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ya zama mutum-mutumin korar ɓarna. Daga nan aka gane akwai wata tsohuwar al'umma da ta zauna a wannan ƙasa, aka sa mata suna Nok. Cikin abubuwan da suka bari akwai siffofin mutane, da na giwa da biri da maciji. A Taruga, wadda ba ta da nisa da ƙasar su Ladi, an tono irin waɗannan siffofi tare da murahun narka tama. Binciken da masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara cikin 2005 ya nuna an soma yin siffofin wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), kuma masanan suna ganin waɗansunsu suna da alaƙa da hidimar binne matattu.

A ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, matan Dakarkari sun daɗe suna gina tukwane na musamman masu siffar mutum ko dabba a bisansu, waɗanda ake ajiyewa a kan kabarin manyan mutane, irin su sarakuna da mafarauta da jarumawa, don mai wucewa ya san darajar wanda ke kwance. A Jamhuriyar Nijar, a wani wuri da ake kira Bura cikin yankin Tera, an gano wata tsohuwar maƙabarta cikin 1975, masanin tarihi Boubé Gado ya haƙa ta cikin 1983, ya sami ɗaruruwan tukwane a kife, waɗansu da kawunan mutane, waɗansu da mahayi bisa dokinsa.

Har a ƙetaren teku ma haka abin yake. Mutanen Maya na ƙasar Meksiko sun mai da wani ɗan tsibiri mai suna Jaina maƙabarta, a gaɓar yankin Yukatan. Tsakanin shekarar 600 da 900 Miladiyya sukan binne mamaci da ƙananan siffofin yumɓu, waɗansu ginin hannu waɗansu zubi, da yawansu kuma usur ne ko abin kaɗawa. A wurinsu kowace dabba da abin da take nufi. Damisar ƙasarsu alamar sarauta ce da dare, mujiya manzo ce daga ƙasar matattu, biri abokin marubuta ne da masu zane, zomo kuwa na tare da wata.

To, galibin waɗannan an yi su ne domin matattu. Dabbobin Ladi na masu rai ne, don a jikin tulun ruwa suke, abin da ake taɓawa safe da yamma. In mai karatu ya dube su da kyau zai ga duk halittun da mace mai zuwa rafi take gamuwa da su ne: kifi da kada a cikin ruwa, maciji da hawainiya a kan hanya, tsuntsu a bisa itace, ƙadangare a jikin katanga, kunama a ƙarƙashin randa inda ƙasa ke da sanyi. Bahaushe ma ba baƙo ba ne ga wannan. Shi ne ya yi wa mutumin da ya gagari hukunci laƙabi da ƙadangaren bakin tulu, a kar shi a kar tulu, a bar shi ya ɓata ruwa. Shi ne mai gargaɗin abokin gaba da cewa hawainiyarsa ta kiyayi ramarsa. Tarihin Daura kuwa ya faro ne daga macijin da ya hana ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu. Dabba da ruwa da tulu sun daɗe tare a tunanin mutanen wannan ƙasa, Ladi kuwa ta gaji wannan, ta kuma ƙware a kansa fiye da sa'o'inta.

SARKIN ABUJA DA BATUREN TUKWANE

Garin da ake kira Abuja a wancan zamani shi ne Suleja ta yau, kuma reshen Zariya ne. A farkon ƙarni na 19, zamanin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar birnin Zariya da jama'arsa ya yi kudu zuwa ƙasar Gwari. Bayan rasuwarsa ƙanensa Abu Ja ya kafa sabon gari cikin 1828, aka kira garin da sunansa. Har yanzu Sarkin Zazzau ake ce wa sarkin wannan gari. Wanda ke kan gado lokacin da Ladi ta tasa shi ne Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, mutum mai sha'awar sana'o'in talakawansa. Ya sayi tulunan Ladi da dama ya ajiye su a fadarsa don ado, ba a zuba musu ruwa.

Cikin 1950 Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko wani Bature maginin tangaran mai suna Michael Cardew, ta sa shi ya zaga ƙasa ya rubuta rahoto a kan yadda za a kyautata ginin tukwane. Cardew ba sabon shiga ba ne. An haife shi cikin 1901, ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya koyi sana'a a hannun shahararren magini Bernard Leach, ya kuma yi shekaru yana aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau. Da yawonsa ya kai shi Abuja sai ya ga tulunan nan a fadar Sarki, ya tambayi wanda ya gina su. Wannan ne karo na farko da ya ji sunan Ladi Kwali.

Cardew ya ba da shawara a kafa makarantar koyon ginin tukwane a Abuja, saboda akwai yumɓu mai kyau, da ruwa, da itacen wuta isasshe, ga kuma goyon bayan Sarki. Aka buɗe ta cikin 1952 a ƙarƙashin Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu. Nufin Gwamnati shi ne a koya wa samari yin kwanuka da kofuna da butocin shayi na tangaran, don a rage sayen na ƙasashen waje, sa'an nan waɗanda suka ƙware su koma garuruwansu su buɗe nasu wuraren. Saboda haka ɗaliban farko duk maza ne, ba a kuwa yi tsarin da mata a ciki ba.

MACE TA FARKO A MAKARANTA

Cikin 1954 Ladi ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Tana da kimanin shekara talatin, ta riga ta yi suna a sana'arta, amma ta zauna ta koyi sabon aiki daga tushe kamar kowane ɗalibi. Ta koyi gini a kan faifan nan da ake juyawa da ƙafa, ta koyi haɗa ruwan ƙyalli da ake shafa wa tangaran, da jera kaya cikin rufaffiyar matoya. Ba da jimawa ba ta iya kwanuka da faranti da kofuna. Takan tsoma kwano cikin ruwan jan yumɓu ko fari, in ya sha iska sai ta ɗauki ƙayar beguwa ta kankare siffar ƙadangare ko kifi, launin ƙasa ya bayyana ta cikin na sama. Kowane abu da ta gina akan buga masa hatimi biyu, ɗaya mai haruffan LK, ɗaya kuma mai sunan Abuja da rubutun ajami.

Duk da haka ba ta saki tulun gidansu ba. Ta ci gaba da gina shi da hannu tana kewayawa, kamar yadda aka koya mata a Kwali, sai dai yanzu da yumɓun tangaran. Bayan ta tsaga dabbobinta sai a cika tsagar da farin yumɓu, a shafa wa tulun ruwan ƙyalli mai ganin ciki, a sa shi a matoya a hura masa wutar ice har zafi ya wuce digiri 1,200 a ma'aunin Santigireti. In ya fito sai ka ga jikin ya yi duhu yana sheƙi, dabbobin kuwa sun fito fari tas ta ƙarƙashin ƙyallin. Kafin wannan ba a taɓa ganin irin wannan tulu ba, a Turai ko a Afirka.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa, domin ribar ta zo da hasara. Tulun gargajiya yana tsattsafo, watau ruwa yana ratsa jikinsa kaɗan-kaɗan, iska tana busar da shi, ta haka ruwan ciki ke yin sanyi. Tulun da aka shafa wa ƙyalli ba ya tsattsafo, don haka ba ya sanyaya ruwa. Ya kuma yi nauyin da matar Gwari ba za ta iya ɗora shi a kafaɗa ta je rafi ba, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin mutumin ƙauye nesa ba kusa ba. Sai ya zama masu sayensa Turawa ne da manyan ma'aikata da gidajen ajiye kayan tarihi. Burin Gwamnati na wadata ƙasa da kwanukan tangaran ma bai cika ba, ƙananan wuraren da aka gwada buɗewa a Sakkwato da Kano ba su daɗe ba. Abin da ya riƙe makarantar Abuja, ya kuma fitar da sunanta duniya, shi ne aikin matar nan da ba a yi tsarin da ita ba.

Ganin haka ya sa aka buɗe wa waɗansu mata ƙofa. Halima Audu ta biyo bayanta, sa'an nan Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. Aka keɓe musu wani ɗaki da ake kira Ɗakin Gwari, inda suke ginin manyan tuluna da hannu, kowace da irin nata zanen.

TAFIYE-TAFIYENTA

An kai kayan Abuja wani gidan nuni mai suna Berkeley a birnin Landan cikin 1958 da 1959 da 1962, tulunan Ladi kuwa su ne suka fi jan hankalin masu kallo da masu saye. Cikin 1960 an nuna aikinta a Legas wajen bikin samun 'yancin kai. A farkon shekarun 1960 ta tafi Ingila da kanta, ta yi gini a gaban ɗalibai da malamai a makarantun zane na Landan da Farnham, da kuma Wenford Bridge, inda Cardew yake da wurin sana'arsa. Ta je Faransa da Jamus ta yi irin wannan. Cikin 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew da wani magini mutumin Gana mai suna Kofi Athey, suna bin jami'o'i da kwalejoji.

Abin da ke ba masu kallo mamaki a ko'ina iri ɗaya ne. A ƙasashen da aka saba ganin magini a zaune faifai na juya masa, sai ga mace a tsaye ta sunkuya tana kewaya curin yumɓu, ba awo ba na'ura, kafin wani lokaci tulu ya tashi daidai wa daida, sa'an nan ta ɗauki ɗan icenta ta tsaga kada a jikinsa ba tare da ta tsaya tunani ba. Ba ta bukatar tafinta a wannan wuri, hannunta ya isa bayani.

Cardew ya bar Abuja cikin 1965, wani Bature mai suna Michael O'Brien ya gaje shi. Ladi ta ci gaba da zama a makarantar tana aiki tana koyarwa. Cikin waɗanda suka zauna gabanta akwai wata yarinya 'yar ƙasar Kenya mai suna Magdalene Odundo, wadda ta zo daga Ingila cikin 1974 don ta koyi ginin hannu, daga baya kuma ta zama ɗaya daga cikin shahararrun magina na duniya.

DIGIRI DAGA ZARIYA

Cikin 1963 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar M.B.E. Amma girmamawar da ta fi dacewa da tarihinta ita ce ta Zariya. Tun cikin 1958, kafin a kafa jami'ar, waɗansu ɗaliban sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya. Manufarsu ita ce mai zane ɗan Nijeriya ya karɓi dabarun da Turawa suka kawo, amma ya cika su da abin da ya gada a gida. Wannan kwaleji ita ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Abin da waɗannan samari suke muhawara a kansa a Samaru, Ladi ta riga ta shekara huɗu tana aikata shi a Abuja, ta ɗauki matoyar Bature da ƙyallinsa ta sa musu tulun Kwali da dabbobinsa. Saboda haka da jami'ar ta sa mata rigar Dokta cikin 1977, shaida ta yi cewa ilmi ba a takarda kaɗai yake ba. Ga shi kuma sarautar da ta fara gane darajarta daga Zariya ta fita tun asali.

Cikin 1980 Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa wadda ake ba waɗanda suka yi fice a fagen ilmi da fasaha, cikin 1981 kuma aka ƙara mata da lambar O.O.N. A farkon shekarun 1980 aka sauya wa makarantar suna, aka kira ta da sunanta.

A tsakanin nan ƙasar haihuwarta ma ta sauya. Cikin watan Fabrairu 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Kwali ta faɗa cikin yankin Birnin Tarayya, Suleja ta zauna a Jihar Neja.

RASUWARTA DA ABIN DA TA BARI

Allah ya yi wa Ladi Kwali rasuwa a Minna ran 12 ga watan Agusta 1984, tana da shekara kusan sittin. Cardew ya riga ta da shekara guda, ya mutu cikin 1983. An sa wa wani titi sunanta a Abuja. Cikin 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fito da sabuwar takardar Naira 20, Janar Murtala a gaba, Ladi Kwali a baya. Tulunanta suna ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da na Smithsonian a birnin Washington, da Jami'ar Aberystwyth a ƙasar Wales. Cikin 2022 an sake yin wani babban nuni a Landan wanda aka gina a kan aikinta da na matan da suka bi sawunta.

A gida kuwa labarin bai kai haka daɗi ba. Bayan rasuwarta aikin makarantar Suleja ya yi rauni ƙwarai. Tsofaffin siffofin da ke ƙarƙashin ƙasa su ma ba su tsira ba, domin masu haƙar sata sun yi ta tone su suna sayarwa ƙetare, har cikin shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa siffofin Nok da na Sakkwato da Katsina da Bura cikin jerin kayan da ta gargaɗi jama'a kada su saya. Siffar da aka tone a ɓoye ta rabu da wurinta ke nan, ba mai iya sanin kabarin wa ta fito, ko abin da dabbar jikinta take nufi ga waɗanda suka gina ta. A cikin gidajenmu ma, daga Tudun Jukun zuwa Tudun Wada da cikin birni, roba da firiji sun ture randa a wurare da yawa, maginan da suka rage kuwa 'ya'yansu ba su cika son gadon ba.

Wannan magana ta shafi masu karatunmu kai tsaye. Ma'aikacin da ke zaune a ofishin al'adu ko na ilmi ko na ƙaramar hukuma, shi ne yau yake matsayin da Sarki Sulaimanu Barau ya tsaya a kai. Sarkin bai kafa kwamiti ba, tulu ya gani mai kyau ya saya, ya riƙe sunan mai shi, ya ajiye shi inda baƙo zai gani. Ɗalibi kuma da ke neman abin da zai yi bincike a kai, ga tsofaffin magina nan a ƙauyuka da unguwanni, waɗanda suka san sunan kowane zane da dalilinsa, ba kuwa za su dawwama ba. Wanda ya sami zuwa Jos ya leƙa gidan tarihi na can, wanda Bernard Fagg ya buɗe cikin 1952, zai ga siffofin Nok, da kuma tarin tukwanen kabilun Nijeriya da wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, ta tattara. A nan zai ga irin tulun da Ladi ta tashi ta tarar ana ginawa, ya kuma auna da idonsa nisan da ta kai shi.

Allah ya jiƙan Dokta Ladi Kwali, ya sa sana'ar da ta ɗaukaka kada ta mutu a hannunmu.